Ƙaron Hano Don Barkono

Duk Ɗanzomo babu wanda bai san Barkono ba, jan karen farautar Ilu. Kare ne da in ya hango zomo, to a ɗora tukunya kawai. Sai bana ya tsiri wani abu: ya yi ta zagaye wuri ɗaya, ya kafa kai jikin katanga, wani lokaci ya faɗi yana shure-shure.

Nan take unguwa ta ce haukan kare ne. Mai unguwa Dalhatu ya ce in ba a ga canji ba zuwa Juma'a ta sama, matasa za su sa masa sanda. Ilu ya ji kamar ɗansa aka ce za a kashe. Ya saka Barkono a kwando, ya ɗaure bayan babur, sai Gumel wurin Dakta Selina, likitar dabbobi.

Ta daɗe tana dubawa. "Baba, ba hauka ba ne, ai ni na yi masa rigakafi bara. Ina zaton ƙari ne a ƙwaƙwalwarsa, irin na ciwon daji. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba ya warkewa. Amma in kumburin ya sauka zai samu sa'ida." Ta miƙa masa ƙwayoyi, ta ce wasu likitoci na gwada haɗawa da ƙaron hano.

"Hano? Hanon nan namu?" Ilu ya yi zumbur. "Allahu Akbar! Ashe magani yana ƙofar gida!"

Bai tsaya jin sauran ba. Ran Alhamis ya kwaso ƙaro a kasuwar Maigatari. To, me mutumin Ɗanzomo ya sani a yi da ƙaron hano in ba turare ba? Ya cika kasko da garwashi, ya barbaɗa, ya lulluɓe kare da bargon matarsa Rahamatu. Barkono ya yi ta atishawa, gida ya ɗauki ƙamshi, maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko amarya aka kawo.

"Malam, kare za ka warkar ko banda za ka yi?" in ji Rahamatu.

Da abin ya ƙi, ya kira likita a waya. "Likita, hayaƙin fa bai kama shi ba."

"Wane hayaƙi?" Da ta gane, sai da ta yi dariya har da tari. "Baba, dakawa za ka yi, ka zuba kaɗan a abinci! Ƙwayoyin fa?"

Suna aljihu, ko ɓare su bai yi ba, sai a ranar ya fara ba kare su tare da dakakken ƙaron. Kai, Ilu!

Ran Juma'a bayan an sauko, jama'a suka taru a ƙofar mai unguwa don a gwada kare, matasa riƙe da sanduna. Rahamatu ta riƙe igiyar kare, Ilu ya tafi can ƙarshen layi. Ya sa yatsu a baki ya yi fito.

Barkono ya ɗaga kunne. Ya yi taga-taga, ya karkata hagu, har wani ya gyara riƙon sanda. Sai ya miƙe sambal, ya zubo da gudu, ya faɗa ƙirjin Ilu. Wuri ya kaure da ihu, Rahamatu ta rangaɗa guɗa. Mai unguwa ya ce kowa ya kai sandarsa gida.

Ilu bai koma gida ba. Ya san kwanakin nan na aro ne, don haka daga nan ya yanki daji da karensa. A gindin wata sabara zomo ya tashi. Barkono ya bi shi iya ƙarfinsa, amma zomo ya yi masa nisa, ya dawo yana haki, bakinsa wayam.

Ilu, da bai taɓa yafe wa kare kuskure ba, ya durƙusa ya rungume shi, hawaye na zuba.

"Ka kama, Barkono. Wallahi ka kama."