Almakashin Inna

Laifin sabon manajan ɗaya ne, raini. A wurinsa, duk wanda bai iya riƙe biro ba, ba shi da kai.

Ranar da ya kama aiki a kamfanin ɗinkin, sai ya raba wa ma'aikata takardar jarrabawa. Inna, wadda ta shekara ashirin da shida tana yankan yadi a wurin, ta juya takardar sama da ƙasa, ta mayar masa da ita fara fat. Ya karɓe almakashinta ya kulle a durowa, ya miƙa mata tsintsiya.

Bayan sati uku aka sauke yadin kayan makaranta. Riga ɗari biyu ake so, ga shi bandir ɗaya bai iso ba. Manaja ya danna kwamfuta, ya sake dannawa, gumi na karyo masa.

"Ɗari da saba'in kawai zai fitar, ranka ya daɗe," ya ce wa mai kamfanin. "Lissafi ba ya ƙarya."

Inna ta jingine tsintsiya. "Ɗana, ba ni almakashina."

"Inna, ji da shararki. Wannan aikin masu ƙwaƙwalwa ne."

"Ai sharar ce ta tona maka asiri. Kullum ni ke kwashe ƙyallayen da lissafinka ke zubarwa. Kowane kwando da hannun riga biyar a ciki."

Teloli suka ƙyalƙyale da dariya. Mai kamfanin bai yi ba. "Buɗe durowar," ya ce.

Inna ta shimfiɗa yadin, ta tsaya tana kallonsa kamar mai karanta wasiƙa. Sai ta ɗauki alli. Ta zana gaban riga, ta juyo bayan ya kwanta a jikinsa kai da ƙafa, ta cusa kwala a ɗan filin da ke ƙarƙashin hammata. Ko tef ɗin awo ba ta taɓa ba. Masu yanka suka bi layinta.

Kafin a tashi aiki aka ƙirga. Ɗari biyu da uku. Abin da ya zuba ƙasa bai cika tafin hannu ba.

"Wace makaranta kika yi?" in ji manaja, murya can ƙasa.

"Wannan teburin, ɗana. Ba a ba da takarda."

A ranar manaja ya rasa abu uku: makullin durowa, ikon sa baki a teburin yanka, da gaisuwar da teloli ke yi masa da safe. Takardar jarrabawarsa kuwa, Inna ta yanka ta yi samfurin aljihu da ita.