Haƙorin Makka na Krofrom

Aikina tambaya ne, kuma mutanen Zongo ba sa son mai tambaya. Ni nas ce, sunana Rakiatu. Likitan zuciya da nake aiki a ƙarƙashinsa, Dokta Abdul-Latif, ya ɗora mini bin sawun duk wanda aka taɓa kwantarwa da wani ciwo mai naci, wato ƙwayoyin cuta su shiga jini su je su lafe a 'yan ƙofofin nan na cikin zuciya masu buɗewa da rufewa. So yake a san mutum nawa ciwon yake kamawa a kowace unguwa, a kuma san ta inda yake shiga. Da ya ga mata dattijai daga Zongo suna yawaita, sai ya ce tunda ni 'yar gida ce, za su saki jiki da ni. Bai san mutanena ba.

Gida gida nake bi. An cire miki haƙori kwanan nan? A'a. An yi miki ƙaho? A'a. Allura a kemis fa? Sai a bi ni da harara, a ce ina ruwana. Wata tsohuwa a Oforikrom har ta tambaye ni ko na yi aure, da na ce ban yi ba, ta ce shi ya sa nake da lokacin yawo.

Gidan Hajiya Azaratu ne ya fi yi mini wuyar shiga, don ƙawar mahaifiyata ce, kuma ciwon nan ne ya yi ajalinta. 'Yarta ta amsa mini tambayoyina da a'a kamar kowa. Ina shirin tashi ta kawo mini hoton marigayiyar na ranar walimar dawowa daga Hajji, tana dariya, haƙorin Makka yana walƙiya. Na ce ashe ta samu ta sa a can.

"Ba can ba ne," in ji 'yar. "Layi ya yi yawa paa a can. Da suka dawo ne wani mutum a unguwar Krofrom ya sa musu. Sai dai bakin ya dame ta daga baya, kullum tana tauna kanumfari."

Na sha tambayar mata ko an cire musu haƙori, ban taɓa tambayar ko an ƙara musu ba. Su kuma ba za su faɗa ba, don a wurinsu wannan ado ne na Hajiya, ba shi da haɗi da asibiti. Na koma kan gidajen da na riga na bi, sai ga zinariya a bakin da yawa daga cikinsu, kuma duk hanya Krofrom ta nufa. Mutumin da magagari yake goge haƙorin kafin ya kifa zinariyar, magagari ɗaya ga kowa. Dokta ya ce mata kaɗan ba su isa hujja ba tukuna, amma a binciki bakin kowacce, musamman wadda zuciyarta take da tsohon rauni.

Ni kuwa ina da irin wannan matar a gida. Mma, mahaifiyata Mamunatu, tun tana yarinya zazzaɓin gaɓoɓi ya taɓa mata zuciya. Ita ma bana ta sauke farali. Makonni ke nan tana fama da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, tana shan maganin maleriya kamar gyaɗa, ni kuma ina can ina leƙa bakin iyayen wasu.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, tana haki kamar wadda ta hau tudu. Na ce ta buɗe baki in gani. Ta ja gefen mayafi ta rufe.

"Ni kika mayar aikinki yau?"

"Mma, a ina aka sa miki haƙorin nan?"

"A inda ake sa wa mutane."

"Krofrom ne?"

Ta ci gaba da tsince wakenta. Na durƙusa na riƙe hannunta, zafi rau. Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce idan dasashi ya ruɓe a ƙarƙashin zinariya, ƙazantar nan cikin jini take bi, kuma zuciya irin tata ba ta da ƙarfin kare kanta. Na ce yau za mu je a ɗebi jininta, a cire abin nan. Ta ce ba inda za ta. Raina ya ɓaci, na faɗi abin da bai kamata 'ya ta faɗa ba, na ce ashe ta fi son a kira ta Hajiya a makabarta da a gan ta ba zinariya. Ina tsoro ne ƙwarai, tsoron ne ya fito da kaifi.

Ba ta zage ni ba, kuma ni zagin na fi so. Ta ture faifan waken gefe.

"Kina ganin don ƙyalli ne? Azaratu ba ta so sawa ba. Tsoron ƙarfe take ji. Ni na ja ta, na riƙe mata kai har aka gama." Muryarta ta yi ƙasa. "In na yarda da maganarki, to ni na kai ta ke nan."

Ba zan iya rantse mata cewa haƙorin ne ya kashe Hajiya Azaratu ba, ba kuma zan iya rantse mata cewa ba shi ba ne. Haka na gaya mata. Na ƙara da cewa wadda ta tafi ta tafi, amma ni ba zan tashi daga gabanta ba sai da ita, ko da za mu kwana a kan tabarmar nan.

Can ta ce in kira taksi.

Mun shiga na ce wa direba asibiti, ita kuma ta ce unguwar Dichemso. Na ce Mma, jikinki. Ta ce mu uku muka je wurin mutumin nan, kuma ke ba ki san gidan ta ukun ba. Direba ya dube ni ta madubi, ya dube ta, ya san wadda zai bi.

Hajiya Kausara ce ta ukun. Muka tarar da ita a ƙofar ɗaki tana yankan kuɓewa, kuncinta ɗaya ya ɗan tasa. Ta fara jero gaisuwa, Mma ba ta bari ta kai ƙarshe ba. Ta dafa bango don ta tsaya da kyau, ta ɗaga leɓenta da yatsa a gaban yara da maƙwabta, ta nuna mata dasashin da ya kumbura ya yi baƙi a gindin zinariyar.

"Kin gani? Naki ma haka yake, kar ki ɓoye mini. Ni na kai ki aka sa, ni zan kai ki a cire. Ɗauko mayafinki, mota na jira."