Rigar Malam George

A fuskar kwamfutar, marigayi Malam George yana ta dariya, jawur kamar wanda aka tsamo daga tukunyar manja. Hula ja, babbar riga ja, har haƙoransa sun ɗebi rabonsu.

Malam Kailani mai hoto ya cire tabarau ya murza idanunsa. Shi ya ɗauki hoton nan da hannunsa shekara uku da suka wuce, ranar bikin 'yar marigayin, a ƙarƙashin wata jar rumfa ta haya. Tun da ya ajiye kyamarar fim ya rungumi ta zamani, ja ya zame masa ƙarfen ƙafa. Kyamarar ba ta iya ganin jan abu ta ƙyale, sai ta ƙara masa gishiri. Amarya ta sa jan leshi, ya fito kamar gobara. Mutum ya zauna kusa da jan labule, fuskarsa ta koma nunannen tumatir. Shekara goma sha biyu ke nan yana zaune a wannan ɗan shago na Tudun Wada yana rage ja, kuma duk wanda ya rage wa sai ya ce, "A ɗan ƙara haska ni." Ya gaji da ja, ya gaji da masu son haske, bayansa ma ya gaji da kujerar.

A kan benci kusa da shi Malama Priscilla ce zaune, matar marigayin, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Ran Lahadi za a yi addu'ar cikarsa shekara guda da rasuwa a coci, kuma gobe da safe mai buga takardar taron yake son hoton da zai sa a bango.

"A wannan hoton kaɗai ya yi dariya," in ji ta. "A sauran duk ya ɗaure fuska kamar yana gaban ɗalibai. Ka maido mini da shi yadda yake, Malam. Baƙi ne, ka san shi."

"Kada ki damu, Malama. Wannan aikin kullum ne."

Dabarar ba wata mai wuya ba ce. Sai ka nemi abin da ka tabbata fari ne a cikin hoton, ka nuna wa kwamfuta, ita kuma ta auna sauran launuka da shi. Ga babbar riga ta cika rabin hoto, kuma wane uban amarya ne zai fito ba da farar shadda ba? Bai ko tambaya ba, ya danna a kan kafaɗar rigar.

Nan take riga ta yi fari fat. Amma fuskar sai ta yi toka-toka, da wani kore-kore a kumatu, dariyar ta zama kamar ta mai cije ciwo.

Malama Priscilla ta kawar da kai da sauri.

"Cire shi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Haka ya koma a satinsa na ƙarshe."

Kunya ta kama Malam Kailani. Ya mayar da hoton yadda yake, ya sake dannawa a hannun riga, sannan a ƙirji. Kowane karo majinyacin nan ne yake dawowa. Ya koma rage jan da hannu, kaɗan-kaɗan, sai yatsunsa suka bi hanyar da suka saba, suka haska fatar. Sabo turken wawa. Malam George ya fito wankan tarwaɗa, sumul, kamar wani ƙaninsa da ba a taɓa haifa ba.

"Wannan kuma wane ne?" ta tambaya.

Ya soke gyaran. Aka kira la'asar, ya nemi izini ya fita ya yi salla, ya dawo ya same ta inda ya bar ta, ta zuba wa jan hoton ido. Ya zauna yana nishi.

"Malama, ban taɓa ganin hoto mai taurin kai irin wannan ba. Na ce wa na'urar nan rigarsa fara ce, ita kuma..."

"Wa ya ce maka fara ce?"

Ya juyo ya dube ta.

"Da fara ce," in ji ta. Ta shiga murza bakin gyalenta. "Saura kwana biyu biki na jiƙa ta za a sa mata sitati. Kaina ya ɗau zafi, baƙi sun cika gida, na jefa sabuwar jar atamfata a bahon. Atamfa ta zuba. Ɗauraya uku na yi, na sa bula, a banza. Ita ce rigarsa ta fita kunya. Na zauna a bayan ɗaki ina kuka kamar yarinya, ina jiran faɗa. Ranar biki da safe sai ga shi ya sa abarsa. 'Yan'uwansa suna tambaya, yana ce musu ai sabon yayi ne daga Kano." Ta nuna fuskar kwamfutar da haɓa. "Dariyar nan, ni yake kallo. Ina bayanka."

Malam Kailani ya sake duban rigar. Ashe shi ne ya yi wa kwamfutar ƙarya, ita kuma ta kwashe jan rumfa, ta haɗa da jinin fuskar mutum, duk don ta faranta rigar da ba fara ba. Garin neman gira saura kaɗan a rasa ido.

Ya mayar da tabarau ya shiga bin hoton lungu-lungu. Can a gefe, bayan gwiwar hannun marigayin, ga kan wata kujerar roba ta haya, irin fararen nan da ake jerawa a kowane biki. Ya danna a kanta.

Jan rumfar ya janye. Malam George ya fito baƙi, goshinsa yana sheƙi da gumin rana, haƙora farare. Rigar kuwa ta tsaya da ɗan ruwan hoda, ya fi yawa a kafaɗar hagu, inda atamfar ta kwanta.

Malama Priscilla ta ƙura wa hoton ido. Ta matso da bencin, ta sa bakin gyale ta share hancinta.

"Shi ne?" ya tambaya.

"Shi ne."

"To, saura rigar. Yanzu da na gane, zan iya zagaye ta ita kaɗai in mayar da ita fara, ba abin da zai taɓa fuskarsa. Takardar nan duk coci za a raba ta, kada mutane su ce mai hoto bai iya aiki ba."

Har hannunsa ya kama hanya, ta ɗaga nata ta tsayar da shi.

"Jan rumfa ka cire, na gode," in ji ta. "Na rigar bar shi, Malam. Ni na sa shi, nawa ne."