Azurfar da Irmgard Ta Goge

"Ajiye tsumman nan! Kada ki ƙara taɓa ko ɗaya!"

Herr Wöhrle ne ya daka wannan tsawa daga bakin ƙofar kicin, har kek ɗin tuffa da ya riƙo ya nemi suɓuce masa. Irmgard Schäufele ta ɗago kai daga tebur, tsumma a hannun dama, tsohuwar kwandalar azurfa a hagu.

"Lafiya, Herr Wöhrle? Ai na ma kusa gamawa."

Gidan ba nata ba ne. Na maƙwabcinta ne, Ottmar Kienzle, tsohon malamin makaranta da ke zaune a saman benenta. Ranar ce za a dawo da shi daga asibiti, don likitoci sun ce sun yi iya yinsu, shi kuma ya ce in tafiyar ce, a kan gadonsa yake son yin ta. Makullinsa na hannun Irmgard, sai ta hau ta gyara masa gida. Mu mutanen wannan yanki na Württemberg kuwa kowa ya san mu da shara. Mace a garinmu tana iya yafe zagi, amma ba ta yafe ƙura a kan matakala, kuma ko a cikinmu Irmgard ta yi fice. Ta wanke tagogi, ta goge daɓe, sannan ta buɗe kabad ta tarar da farantan karammiski jere da tsofaffin kuɗaɗen zamanin sarakuna, duk sun yi baƙi ƙirin. Tausayi ya kama ta. Ta ce a ranta ciwo ne ya hana bawan Allah kula da kayansa. Ta sauka ta ɗauko man da take goge cokula da shi.

Wöhrle, abokin Ottmar na ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi, ya ja kujera ya zauna.

"Frau Schäufele, kin san abin da kika yi?"

"Dauɗa na cire."

"Dauɗa! Wannan baƙin shi ne shekarunsu, shi ne darajarsu! Duk mai wannan harka, da ya ga an goge kwandala ko kallo na biyu ba ya yi mata. Ottmar ya yi wa gidan tarihin gari alkawarinsu, har sun ware masa akwatin gilashi da sunansa. Yanzu wa zai karɓi wannan? Kin mayar da aikin rayuwar mutum murafun kwalba."

"To a mayar da baƙin mana."

"Da me? Da shuni?"

Irmgard ta dubi yatsunta da suka yi baƙi. Sai a lokacin ta tuna ba ta taɓa ganin Ottmar ya taɓa kuɗin nan ba sai da farar safar hannu. Mutumin da ya tsaya mata a kan komai lokacin rasuwar mijinta, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba, shi ne zai bar duniya da baƙin cikin da ta ƙunsa masa da hannunta.

"Mu ɓoye," in ji Wöhrle. "Mu ce makullin kabad ya ɓata. Kwana nawa ya rage masa?"

Ana cikin haka sai ga ƙarar motar asibiti a ƙasa.

Ma'aikata biyu suka hauro da shi a kan kujera. Ya rame har kwat ɗinsa ta yi masa yawa, amma bakin nan nasa yana nan yadda aka san shi.

"A hankali, samari, kada ku taka bango. Frau Schäufele na kallonku, kuma ba ta da imani a kan matakala."

Aka kwantar da shi kusa da taga. Ya kurɓi romo cokali biyu, ya yaba, ya ture kwanon. Sannan ya ce, "Wöhrle, miƙo min farantin sama. Na yi kewar sarakunana."

Wöhrle ya yi gyaran murya. "Wato, makullin ne..."

"Makulli na nan," in ji Irmgard.

Ita da kanta ta je ta ɗauko. Ta ɗora masa a kan bargo, hasken la'asar ya faɗa a kansu, suka ɗauki ido.

"Ni na goge su, Herr Kienzle. Duka. Na ɗauka gyara nake yi."

Irmgard ta ga lokacin da abin ya shige Ottmar, don leɓensa ya motsa, ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba. Ya san abin da ya rasa fiye da kowa a ɗakin. Tun yana saurayi yake bin kasuwannin tsofaffin kaya da keke, cikin ruwa da sanyi, yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya.

Da ya buɗe ido sai ya ce, "Ba ni madubina."

Ta miƙa masa gilashin da yake ƙara girman abu da shi. Ya sunkuya a kan wata babbar kwandalar mark biyar ta tsohuwar masarautar Württemberg, ya yi ta kallon hoton sarkin da ke jikinta.

"Ikon Allah," ya ce. "Wöhrle, zo ka gani. Ashe mutumin nan yana da kunne. Shekara da shekaru ina zaune da shi, gemu kawai nake gani."

"Ottmar, gidan tarihi fa..."

"Gidan tarihi suna da nasu baƙaƙen, cike da ɗaki. Je ka yanka mana kek, kana tsaye a kaina kamar mai jiran gado."

Irmgard ta fashe da kuka. "Kada ka yi min wasa, Herr Kienzle. Ka yi faɗa, ya fi min sauƙi."

"Ina na ga ƙarfin faɗa? Zauna." Ta zauna a bakin gado. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ya yi min zafi. Sun lalace, babu mai gyara su. Amma na kwanta a asibitin can na duba, ban ga wanda zai hau bene ya ɓata yininsa a kan kayana ba sai ke. In na yi fushi da wannan, me na koya wa 'ya'yan mutane duk tsawon aikina?"

Ta ɗauko farar safar daga gefen faranti za ta sa masa. Ya girgiza kai.

"Bar ta. Tsoron lalata su ne ya hana ni taɓa su, yanzu kin ɗauke min wannan tsoron."

Ya sa yatsunsa tsirara ya ɗauki kwandalar. Ya juya ta, ya shafa gefenta, ya auna nauyinta a tafin hannu, yana murmushi kamar yaron da aka ba alewa.

"Ashe sanyi gare ta," ya ce.

Ban taɓa ganin mutumin da ya iya rashi kamar Ottmar Kienzle ba. Kwanakin da suka rage masa, kullum da hantsi sai ya sa Irmgard ta kawo faranti ɗaya. Ya ɗauki kowace kwandala ya ba ta labarin inda ya samo ta, da wanda ya cuce shi, da wanda shi ya cuta, suna dariya har tari ya sarƙe shi. 'Yan ƙungiya da suka zo dubiya suka ga kuɗin suna walƙiya, suka buɗe baki, shi kuwa ya riga su: "Sabon salo ne, ku ne ba ku waye ba." Sunan Irmgard bai taɓa fitowa daga bakinsa a kan maganar ba.

Ya cika wata safiyar Asabar, maƙwabta na ta shara a ƙofar gida. Irmgard ce a wurin. Da ta zo gyara masa hannuwa kafin fasto ya iso, sai ta tarar da mark biyar ɗin nan a cikin tafinsa, da ɗuminta. Ƙanwarsa da ta zo daga garin Ulm ta kwashe sauran, ta ce wannan ɗayar Irmgard ta riƙe.

Ta sauka da ita gida ta ajiye a bakin tagar kicin. Sai da rana ta haska ta lura da shatin babban yatsansa a kan kuncin sarkin. Ta bar shi yadda yake. Kafin sanyi ya wuce, shatin ya fara yin duhu a kan azurfar, layi-layi, kowane zare a fili.