Habibu a Minti na Arba'in da Bakwai

Faifan fim ɗin ya zo mini a naɗe cikin leda biyu da ƙyalle, kamar laya. Ina warwarewa warin kananzir ya bugi hancina.

Shekara goma sha shida ina gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a Konni, a wani ɗan shago bayan tasha, kuma wallahi na gaji. Na gaji da mutanen da za su kashe abu da hannunsu, sannan su kawo mini su ce haka kawai ya tsaya. Ranar kuma tun safe babu wuta, gumi ya jiƙe mini riga, ga ciwon baya. Sai ga mata biyu a ƙofa: wata tsohuwa, Inna Balki daga Tajaye, da ɗiyarta Sakina tana riƙe da hannunta.

"Wa ya wanke wanga da kananzir?" na tambaya, ko gaisuwar kirki ban ƙarasa ba.

"Kawu na," in ji Sakina. "Ya ce datti na ya hana shi yi."

Ta lissafo mini sauran. Mai gidan kallo na garinsu ya sa a na'urarsa, ta ƙi, ya goge da gefen rigarsa. Wani ma'aikacin buro, wato ofis, a Illela ya sa a ordinatar, ita ma ta ƙi, ya shafa masa man goge baki. A Malbaza wani ya ce a dirza da auduga a shanya. Kowa ya dirza iya ƙarfinsa, don Allah, don taimako. Na ɗaga faifan wajen hasken ƙofa, na ga bayansa duk zane, kamar ƙasan tsohon faranti.

Na sa shi a tawa ordinatar, wadda batirinta ya rage rabi. Ya juya, ya yi ƙara, sai rubutu ya fito. Abin da na zata ne. Faifan ba irin kwafin kasuwa ba ne da ake sayarwa a kan tabarma, na asali ne daga Faransa. Masu irin waɗannan finafinai sun raba duniya shiyya-shiyya, sun kulle kowane faifai ga shiyyarsa, sun kuma hana a kwafe shi. Na Turai ba ya buɗewa a na'urar da aka saita wa Afirka. Tun farko ko ɗigon datti babu a jikinsa.

"Inna, wanga lahiyarshi lau yaz zo," na ce. "Kulle shi anka yi. Ku kunka ji mishi ciwo."

Ban so na faɗi haka ba, amma na faɗa. Tsohuwar ta gyara mayafinta. Sakina ce ta ba ni labari. Yayanta Habibu ya tafi ci-rani shekara goma sha ɗaya da suka wuce, daga Aljeriya har Faransa, yana dako a kasuwar kayan lambu. Bara ya rasu a can, a can aka rufe shi. Abokin zamansa ya aiko da 'yan kayansa, da wannan faifai. Wai wata rana masu fim sun zo ɗauka a kasuwar, suka ce 'yan dako su ci gaba da aikinsu, shi ne ya fito. Abokin ya rubuta lamba a ɗan kwali: minti na arba'in da bakwai.

"Ba ku da hotonshi?"

"Ina da hoto, ɗana," in ji Inna Balki. "Hoto ba shi motsi."

Na gwada dabarun da na sani. Akwai wani shiri na ordinatar da ke tsallake irin wannan kulle, na kunna shi, na'urar ta ƙi ba shi hanya. Na gwada jawo fim ɗin in zuba a ordinatar, ya tsaya tun a farko. Na ɗauko wata tsohuwar na'urar karanta faifai daga ƙarƙashin tebur, na busa mata ƙura, ko juyawa ba ta yi ba. Batir na ta sauka, ni kuma ina ta tsaki.

Hanya ɗaya ta rage, na san ta tun farko, ina kauce mata ne. Na'urar da ke cikin ordinatar tana yarda a sauya mata shiyya, amma sau biyar kawai a rayuwarta. Na biyar ɗin shi ne na ƙarshe, a nan take kafewa. Ni kuma na ɓarnatar da huɗu tun da daɗewa, wajen yi wa jandarmomi da malaman lakwal, na makarantar boko, alfarma. In na mayar da ita Turai, finafinan Indiya na asali da na tara daga Sakkwato, waɗanda nake kallo in kasuwa ta mutu, sun tashi daga aiki. Sannan babu tabbacin faifan da aka yi wa wannan dirza zai kai minti arba'in da bakwai.

"Malam Chindo, motar Illela ta ƙarshe bayan la'asar take tashi," Sakina ta ce a hankali.

Na dubi tsohuwar. Ba ta roƙe ni ba. Ta zauna a kan benci, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta zuba wa allon ido tun kafin komai ya fito. Na ji haushin kaina, na ji haushin kawunsu, na ji haushin Turawan da suka kulle faifai kamar wani zai gudu da kasuwar tasu. Na danna, na mayar da ita Turai.

Fim ya buɗe. Ban tsaya kallon farkonsa ba, na ja shi gaba. A minti na talatin ya daskare, hoton ya farfashe, na ji na'urar tana kuka a ciki. Na fitar, na hura masa iska kawai, na mayar. Na ja zuwa arba'in da shida, na miƙa wa Sakina wayata, a kan in tura mata daga baya.

"Riƙe nan, ki ɗauki allon. Kada hannunki shi yi rawa. Ba lalle shi sake yi ba."

Wata Baturiya na tafiya cikin kasuwa tana faɗa da wani mutum. A bayansu akwatunan tumatir ne da motoci. Sai wani dogo baƙi ya ratsa ta gefe, akwati a kafaɗa, ya ba mu baya. Yana ɗan jefa ƙafar hagu waje in ya taka. Taku shida ya yi, na ƙirga, ya shige bayan wata mota.

"Shi na," in ji Inna Balki. Ta miƙe tsaye ba tare da an kama ta ba. "Tahiyar ubanshi ta. Shi na, Sakina."

Na mayar baya, ya sake ratsawa. Na kuma mayarwa. A karo na huɗu faifan ya tsaya cak, Habibu na tsakiyar taku, ƙeyarsa da akwatin kawai ake gani. Daga nan ko gaba ko baya ya ƙi. Sakina ta sauke wayar, ta duba, ta samu ya ɗauku, sai ta fashe da kuka.

Tsohuwar ta matso har numfashinta na taɓa allon. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kafaɗarsa, inda akwatin ya danne, ta ce ya rame.

Sannan ta juyo gare ni, da ladabi, kamar mai neman a miƙo mata buta.

"Ɗana, kai da ka san kan abin ga. Juyo mini da shi in ga huskarshi."

Na dubi allon, na dubi maɓallan da ke gabana ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha shida ina gaya wa mutane abin da ba zai yiwu ba, ban taɓa jin nauyin bakina ba sai ranar.

"Bai juyo ba, Inna," na ce. "Aiki shikai."

Ta gyaɗa kai. Ta koma kan benci ta zauna, ta ce in bar mata shi haka har batir ya ƙare. Na bar mata.