Tsinken Farko a Fiyenna

Takardar tana cikin gwangwanin shayi tun kafin Hajara ta haifi 'yarta Nora. Malam Isma'ila, surukin Hajara, shi ya rubuta ta da ajami a shekarar da ya kafa tukubar tsire a Makka, bayan ya taso daga Kano a ƙafa ta hanyar Sudan. A ciki ya jera yadda ake haɗa yajin gidan: yawan ƙuli-ƙuli, yawan citta da kimba, abin da ake soyawa kafin a daka da abin da ake bari ɗanye. A ƙasa ya ƙara layi biyu. Duk wanda ya gaji yajin nan, tsinken farko da ya sauka daga wuta kowace rana sadaka ne. A miƙa wa matafiyi, a kuma ambaci sunan wanda ya koya maka.

Tsoho, mijin Hajara, ya riƙe wannan sharaɗi shekara talatin da ɗoriya a shagonsa na Kudai, inda motocin alhazai ke tsayawa. Da ya rasu aka rufe shagon, amma turmi bai huta ba. Duk bayan wata biyu Hajara takan daka yajin a gidanta na unguwar Zahir, ta ɗura a robobi, ta ba Sufyan, wani maƙwabci da aikinsa ke yawan kai shi Namsa, wato ƙasar Ostiriya, ya kai wa Idris.

Idris ɗan ƙanen Tsoho ne. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, a ɗakin Hajara ya girma, kwano ɗaya suka ci da Nora. Ya tafi Fiyenna, babban birnin Namsa, karatu ya zauna can, daga baya ya buɗe gidan abinci tare da wani abokinsa mai suna Turki. Larabawan da ke zuwa hutu suna kewar sire, kamar yadda mutanen Makka ke kiran tsire, don haka wurin ya karɓu. Da zai buɗe ya roƙi Hajara hoton Tsoho don ya rataye. Ta ba shi guda ɗaya tilo mai kyau da take da shi: Tsoho tsaye bayan tukuba, hula a karkace, yana dariya.

A bana Idris ya bugo waya ya ce dakan nan ya isa haka, kafaɗarta ta yi aikinta. Ya ce ta zo da Nora su yi kwana goma su ga gari, ta kuma taho masa da takardar ya ɗauke mata nauyin. Hajara ta yi mako guda tana tunani. Tsoho bai bar ɗa namiji ba, Nora kuwa ma'aikaciyar kantin magani ce, ko kimba ta shaƙa sai atishawa. Hajara ta naɗe takardar a leda ta sa a aljihun cikin jakarta.

Ta haɗa robobin yaji biyu, da dabino, da ruwan Zamzam. Nora ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon akwatin, ta tambaya da Larabci, kamar kullum, ko yawon buɗe ido za su ko hijira. Hajara ta amsa da Hausa, kamar kullum, cewa ba a zuwa gidan ɗa hannu rabbana.

Idris ya tarye su a filin jirgi, ya sumbaci kanta, ya ce Inna ba ta tsufa. Ya sauke su a otal mai kyau. Ya ce cin abinci a wurinsa sai ana gobe za su koma, don mai daɗi a ƙarshe ake ajiye shi.

Sun ga gari sosai. Nora ta kai ta wata tsohuwar fadar sarakuna mai ɗakuna barkatai, Hajara ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙafarta ta gaji, ta tambayi Nora wa yake share duk wannan. Sun hau keken doki, sun hau jirgin ƙasan da ke bi ta tsakiyar titi. Rana ta huɗu suka tafi wani tafki a tsakanin duwatsu, ruwan sama ya same su a can, a tsakiyar watan Yuli. Hajara ta ƙi shiga rumfa. Ta tsaya ruwa na jiƙa abayarta, tana tuna yadda a wannan lokacin ƙarfen ƙofar gidanta na Zahir ba ya taɓuwa don zafi. Rabin mutanen bakin tafkin 'yan Saudiyya ne, har ta ce ta ji Larabcin Riyad a nan fiye da yadda take ji a unguwarsu.

Abinci ne ya fi ba ta aiki. Kafin su shiga ko'ina sai Nora ta duba a waya ko na halal ne. Sun ci kifi da dankali har sau uku. A gidan abincin wasu Turkawa aka kawo musu nama da aka buge ya yi faɗi kamar faifai, aka soya da gari. Hajara ta ɗanɗana, ta waiga hagu da dama, ta zaro ɗan ƙunshin yaji daga jaka ta barbaɗa. Nora ta rufe fuska da hannu, sannan ta miƙo nata farantin. Abin da ya fi burge Hajara shi ne gidajen gahawa, inda suke kawo ƙaramin kofin ruwa tare da gahawar ba tare da an roƙa ba. Ta ce mutanen da ke ba baƙo ruwa kafin ya tambaya ba za su rasa alheri ba.

Sau biyu ta ce a biya da ita ta ga shagon ko daga waje ne, sau biyu Idris ya kawo uzuri. Ta lura, amma ta ce a ranta mai sana'a ba ya rasa hidima.

Ranar da aka sa, Idris ya ce su zo ƙarfe takwas, shi zai ɗauko su. Amma Hajara matar mai tukuba ce. Ta san bayan la'asar ake hura wuta, kuma a gidansu babu abin da ya kai tsinken farko daraja. Tana so ta ga wa za a miƙa wa a wannan gari, tana so ta ji sunan Tsoho a bakin Idris, sannan ta ba shi takardar a tsaye a wurin. Ta sa Nora ta nemo adireshin, ƙarfe biyar suka iso da robobin yaji a hannu.

A saman ƙofar an rubuta Sire Abu Hamad, da Larabci da boko. Hajara ta tambayi Nora wane ne Abu Hamad. Nora ta ce ba ta sani ba, ta tura ƙofar.

Hoton yana nan, an faɗaɗa shi ya kusa cika bango. Ga tukubar, ga hayaƙi, ga tsinkaye a jere, ga gefen ƙofar shagon Kudai da shuɗin fentinta. Daidai inda Tsoho yake tsaye hoton ya ƙare. Abin da ya rage nasa shi ne bakin hannun rigarsa. A ƙasa akwai rubutu ƙanana. Hajara ba ta taho da tabarau ba, ta ce Nora ta karanta mata. Nora ta karanta a ranta tukuna, ta ce ba wani abu ba ne, talla ce. Hajara ta ce ta karanta. Rubutun ya ce wannan yaji gadon Abu Hamad ne, kakan Turki, wanda ya ciyar da baƙin Allah a Makka tun shekara saba'in da suka wuce.

Hajara ta ajiye robobin a kan kujera, ta wuce wurin wuta. Mai gashin wani ɗan Siriya ne mai fara'a, yana sauke tsinkayen farko. Ta gaishe shi, ta tambaye shi wa ake ba na farko. Ya duba wata 'yar takarda da ke manne a gabansa ya ce tebur na uku. Ta ce tana nufin na sadaka. Ya yi murmushi ya ce shekararsa uku a nan, bai taɓa jin wannan ba.

Suna zaune Idris ya shigo tare da Turki. Da ya gan su sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Turki saurayi ne mai ladabi, ya ƙaraso ya gaida Hajara, ya yi mata barka da zuwa, ya juya ya tambayi Idris su wane ne baƙin. Idris ya amsa da Larabci, da sauri, idonsa a kan teburin.

"Maƙwabciyarmu ce ta Zahir. Ita ke taimaka mana da kayan ƙamshi."

A Makka aka haifi Hajara, babu kalmar da ta wuce ta. Nora ta buɗe baki, uwar ta dafa mata gwiwa a ƙarƙashin tebur.

Turki ya sa aka cika musu tebur, ya ce yau su baƙinsa ne, ya tafi ofis. Naman ya gasu daidai. Hajara ta ɗanɗana ta ji dakanta na watan jiya, har da cittar da ta ɗan yi yawa. Idris ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya koma Hausa, ya rage murya. Ya ce lasisin wurin da sunan gidan su Turki yake. Ya ce masu zuwa suna son labari irin wanda suka saba ji. Ya ce hoton kuwa masu gyaran wurin ne suka yanke shi, bai gani ba sai da aka manna.

"Inna, suna ne kawai. Baba Tsoho yana cikin zuciyata."

"Na gani," in ji Hajara. "A bangon ne dai ba a samu wuri ba."

Sai Idris ya tambaya ko ta taho da takardar, don sun yi magana da masu injin niƙa, mako mai zuwa za a fara. Hannun Hajara yana kan jakar. Ta dube shi kamar yadda take dubansa yana yaro in ya dawo da riga a yage.

"Maƙwabciya ina ta ga takardar gado, Idris?"

Ta ɗauki tsinke ɗaya daga farantinta ta naɗe a takardar goge hannu, ta fita. Rana ba ta faɗi ba tukuna. A tashar jirgin titi wata mata tana zaune a kan akwatinta tana duba taswira. Hajara ta miƙa mata, Nora ta biyo ta yi bayani da Turanci cewa kyauta ce. Matar ta dube su, ta karɓa. Hajara ta ce Allah ya jiƙan Isma'ila, Allah ya jiƙan Tsoho. Robobin biyu ta bar su a kan kujerar, tunda da sunansa ta daka, kuma tsaraba ba ta komawa gida.

Da suka dawo Zahir maƙwabta suka yi ta shigowa barka da hanya. Hajara ta ba su labarin fadar, da ruwan saman Yuli, da naman nan mai faɗin faifai, aka yi ta dariya. Duk wadda ta tambayi Idris sai ta ce yana lafiya, yana gaishe su. Da wata biyu suka cika Sufyan ya zo karɓar saƙo. Ta ba shi shayi da dabino, ta ce wannan karon babu kaya, sai dai ya karɓo mata hoto a wurin Idris. Idris ya yi ta bugowa. Takan ɗauka ta amsa gaisuwa ta tambayi aiki, in ya tabo maganar yaji ta ce kafaɗarta ta yi aikinta, kamar yadda shi ma ya faɗa.

Sufyan ya dawo da ambulan. Hoton yana ciki, Tsoho cikakke, hula a karkace. Sai dai an ja layi daga sama har ƙasa, tsakaninsa da tukubar. Hajara ta sa tabarau ta juya bayan hoton. An rubuta da Larabci: a yanke daga nan. Ta san rubutun. Shekara goma sha biyu tana duba littattafan makarantar mai shi.

Ta miƙa wa Nora ta ce ta goge layin. Nora ta murza da yatsa a hankali, ta ce biro ne, ba zai fita ba. Hajara ta karɓa ta mayar da shi cikin firam ɗinsa, ta rataye a ƙusar da ta yi shekara uku babu komai a kanta. Sannan ta ɗauko gwangwanin shayin daga saman kabad, ta mayar da takardar ciki, ta kai ɗakin Nora ta ajiye a kan teburinta.

Nora ta ce ai ita haruffan kawai take ganewa, Hausar ciki ba ta iya fitar da ita. Hajara ta ce ai ranar Juma'a Nora ba ta da aiki, ta zo da abin rufe hanci daga kantin maganinsu, su fara daga turmi.