Kofin Baƙi

Yayanmu ya zama masanin ciwon mantuwa ne a cikin wayarsa, yana kishingiɗe a kujerar ofis. Ni kuwa da nake zaune da Mama, nake tsinto takalminta a firij, nake kamo hannunta a bakin titi in ta fita neman gidan da aka rushe tun ina goye, ni ce jahila.

Na kira shi na ce likitan ƙwaƙwalwa ya ba mu rana, ina so a kai ta. Sauran 'yan uwa duk sun ce sai abin da Yaya ya yanke. Haka muke tun rasuwar Baba. Ba ya wanki, ba ya jinya, amma bakinsa ne hukunci.

"Auta, yayi ne kawai," ya ce da ni, da muryar nan tasa ta mai gabatar da lacca. "Na karanta. Yawan tsofaffin da ake cewa suna da ciwon nan kullum hawa yake, kin san dalili? Likitoci ne suka matsa. Tsoho ya manta inda ya ajiye tabarau, sai a liƙa masa suna. Ba za a sa uwata cikin lissafinsu ana nuna mu da baki ba."

"Yaya, jiya ta ɗora tukunya babu komai a ciki, har ta yi ja."

"Ke ba kya mantuwa? Zan zo in gani da idona."

Ya kuwa zo, abin da rabonsa da yi har na daina tunawa. Ya shigo da ƙamshin turare da ledar lemo, kunne ɗaya a toshe da abin sauraro, kada duniya ta rushe bai ji ba.

Mama na ganinsa ta miƙe, fuska a sake. Ta kakkaɓe masa kujerar Baba, ta tambaye shi hanya, ta tambayi aiki da iyali, ba ta yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Gaisuwa ce abin da ciwon bai taɓa ba tukuna. Yaya ya riƙa jefo mini kallo ta saman tabarau, yana murmushin wanda ya ci gardama.

Sai ta buɗe kabad ɗin gilashi ta ɗauko kofin nan mai bakin zinariya. Gabana ya faɗi. Duk gidanmu babu ɗan da ya taɓa kai kofin nan baki. Na baƙi ne. Yaya da kansa ya sha mari a kansa yana yaro, amma mai bincikenmu bai tuna ba. Ya karɓa da hannu bibbiyu, ya kurɓi shayi har da lumshe ido.

"Kin gani?" ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Garau take. Ban taɓa ganinta da fara'a haka ba. Ko faɗan nan nata ba ta yi mini ba. Ke ce dai kika gaji, kike neman inda za ki sauke ta."

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Na kwashe ledar lemon.

Da ya tashi tafiya ya durƙusa gabanta, yana gyara bakin wando kada ya taɓa ƙasa.

"Mama, zan koma. Maganar asibitin nan na soke ta, kada ki damu."

Ta dafa kafaɗarsa, tana duban fuskarsa da kyau.

"Allah ya yi maka albarka, bawan Allah. Iyayenka sun iya tarbiyya. Ka ga ina da ɗa, tsawonku ɗaya, shi ma yana sa gilashi. Ba ya zuwa." Ta sassauta murya, wai kada in ji. "In kun haɗu a wajen aikinku, ka ce masa ba zan yi faɗa ba. Ya zo kawai."

Yaya bai tashi daga durƙuson ba. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, bai taɓa ta ba. Mama ta ɗauki kofin ta miƙo mini.

"Wanke shi a hankali, Auta, ki mayar. Kada yayanki ya zo ya gan shi a waje ya ce zai sha da shi."